Gayyar Malam Badamasi

A duk faɗin ƙaramar hukumar Doguwa babu mutumin da ya kai Malam Badamasi na Riruwai bai wa kimiyyar duniya gudummawa. Wannan ba hirar teburin mai shayi ba ce, a rubuce take. Akwai wani shafi a intanet da ke jera sunayen masu ba da gudummawa, ƙasa-ƙasa, jiha-jiha, gari-gari, kuma shekara tara ke nan sunansa ne a saman jerin Doguwa. Sunansa ne kuma a ƙasan jerin, domin shi kaɗai ne a ciki.

An haife shi a Riruwai lokacin da haƙar kuza ke da sauran ƙarfi. Mahaifinsa ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana shiga rami, ya fito da tari. Tarin ne abin da Badamasi ya fi tunawa da shi game da mahaifin nasa, fiye da fuskarsa. Da shi ake sanin ya tashi, da shi ake sanin ya dawo daga masallaci, ranar da aka daina jin sa kuma aka yi jana'iza. Yayansa Ubale ya riƙe gandun gidan, shi kuma aka tura shi makaranta saboda ba shi da ƙirjin noma. Ya koyar da lissafi a firamare shekara talatin da biyu, da farko a Burumburum, daga baya a gida. Ya yi ritaya da takardar yabo guda ɗaya da ciwon gwiwa.

A shekarar da ya ajiye alli ne wani tsohon ɗalibinsa, mai shagon buga takardu a Tudun Wada, ya kawo masa wata tsohuwar kwamfuta kyauta, don ta tsare masa wuri a shago. Shi ne kuma ya nuna masa abin da zai iya yi da ita. Wata jami'a ce a ƙasar waje take neman maganin cututtukan huhu. Lissafin da binciken ke bukata ya fi ƙarfin kowace na'ura guda, don haka sai su yayyanka shi ƙanana-ƙanana, su aika wa duk wanda ya yarda ya ara musu kwamfutarsa a ko'ina cikin duniya. Kwamfutarka ta warware rabonta, ta mayar musu, su aiko wani.

Ɗalibin ya ɗauka zai sha wahalar bayani. Malam Badamasi ya katse shi.

“Ai gayya ce,” in ji shi. “Gona ta fi ƙarfin mai ita, ya kira gari, kowa a yanka masa kunyoyinsa. Me za ka koya mini a nan?”

Tun daga ranar bai taɓa kiran abin da wani suna ba. Kowane yankin lissafi da aka aiko kunya ce. Kwamfutocin kuwa 'yan gayya ne. Ta farkon nan ya sa mata suna Dattijo, domin an ƙera ta tun kafin masu ƙera firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, su fara ƙirga janareshan, wato tsara bayan tsara. A hankali wasu suka biyo baya, duk waɗanda masu su suka gaji da su: biyar 'yan janareshan na biyu, waɗanda yake kira magidanta, da uku 'yan janareshan na huɗu, samari ke nan. Tara cif. Ya jera su a kan bencin makaranta a ɗakin da ke kusa da zaure, Dattijo a kusurwar gabas, sauran bi da bi gwargwadon shekaru.

Wutar da suke sha daga rana take. Shekarun baya an sayar da wani bijimin gandu an sayi farantan sola takwas da batura, da niyyar a yi ban ruwa da su. Sai ya zamana injin fetur yana ta aikinsa, ba wanda ya damu ya sayi famfon sola, farantan suka zauna a kan rufin Badamasi, aro. Aron ya shekara tara.

Kowace safiya bayan ya karya kumallo yakan shiga ɗakin ya yi sallama, ko da yake bai taɓa yarda cewa da kwamfutocin yake ba. Ya goge su da tsumma, ya busa fankokinsu da bututun biro, ya ɗora wayar da ke ba su sabis a kan tagar da ke kallon dutse, inda nan ne kaɗai sabis ke yarda ya sauka. Daga nan ya kunna su ɗaya bayan ɗaya, daga babba zuwa ƙarami. Kafin hantsi ɗakin ya ɗauki ƙugi kamar injin niƙa yana aiki a nesa, ya ɗauki zafi kamar gidan burodi. Wannan ƙugi da wannan zafi su ne hujjarsa. Ya halarci gayya tun yana ɗan shekara bakwai, ya san yadda ake gane mai aiki: gumi da nishi. A cikin taran babu mai gumi da nishi kamar Dattijo.

Yana da ƙa'ida guda da bai taɓa karyawa ba. In rana ta yi sanyi, batura suka fara ƙara, sai ya soma kashewa daga ƙasa. Samari su fara sauka, sannan magidanta, a bar wa Dattijo ragowar wutar har ta ƙare. Ranar da hadari ya rufe sama kuwa, samari ba sa ma tashi. Ba ya ganin akwai abin tambaya a nan. A gidan da ya tashi ba a taɓa ɗauke kwano daga gaban babba a bar na yaro ba.

Mutanen gari sun daɗe da yanke hukunci cewa ritaya ce ta zo masa ta wannan hanya, wasu takan zo musu da kiwon tantabaru. Mutum ɗaya ce ba ta taɓa kushe aikin ba, matarsa Tasalla. Ita ce ma ke tuna masa in ya makara kunnawa. Tana kiwon kaji, kuma takan ajiye kwalin 'yan tsakinta a bayan Dattijo, daidai inda iska ke fitowa. Malam Badamasi ya ɗauki wannan a matsayin hanyarta ta kusantar ilimi, kuma yakan faɗa wa mutane cewa ba kowace mace ce ke fahimtar irin wannan aiki ba.

Bara, da kaka ta wuce, sanyin duwatsu ya fara sauka, Ubale ya shigo da safe da laka a ƙafarsa har ƙauri. An dasa tumatir da albasa a fadamar gandu. Fetur ya fi ƙarfin gidan, injin ya kwana huɗu a kashe, dashen ya fara kwantawa.

Suka gaisa a tsaye, domin ɗakin babu wurin zama sai na kwamfutoci.

“Badamasi, farantan nan na zo wa.”

“Yaya, aiki suke yi.”

“Na ji suna yi. Tun daga bakin rafi nake ji. Shekara tara suna kuka, ko maganin sauro ban ga sun fitar ba.”

“Bincike ba tumatir ba ne, Yaya, da za a dasa yau a tsinka bayan wata uku.”

“To ni tumatir nake da shi. Gida uku ke ci daga fadamar nan, har da naka.”

“Ka manta tarin Baba?”

Ubale ya dubi lakar ƙafarsa.

“Ni na riƙe masa kwano yana tofawa, kai kana makaranta,” in ji shi. “Kada ka tuna mini da Baba.”

A nan maganar ta tsaya, kuma da a nan za ta ruɓe, domin Ubale ba zai hau rufin ƙaninsa ya kwance abu da ƙarfi ba, Badamasi kuma ba zai ce wa yayansa a'a ƙarara ba. Sai dai a makon ne Lubabatu, babbar 'yar Ubale, ta zo gida suna. Ta karanci aikin lantarki, tana da shagon haɗa sola a Kano da ma'aikata shida, kuma ita ce mutum ta farko da Malam Badamasi ya taɓa koya wa raba dogon lissafi ba ta yi kuka ba. Ta shiga ɗakin gayya, ta durƙusa ta gaishe shi, ta miƙe ta bi bencin tana karanta bayan kowace kwamfuta. Da ta zo kan Dattijo sai ta daɗe.

“Baffa, wannan ai ya girme ni a aiki.”

“Ya girmi shagonki dai.”

“Wuta nawa suke sha gaba ɗaya?”

“Abin da Allah ya ba su.”

“Ba ka taɓa aunawa ba? Kai da ka dake ni a kan na rubuta amsa ban nuna hanya ba?”

Ta buɗe jakarta ta fito da wani ɗan akwati baƙi, bai fi kwalin sukari girma ba. Ta ce kwamfuta ce, 'yar janareshan na goma sha uku, da ita take zana wa mutane tsarin wutarsu. Ta fito da wata 'yar mita kuma, wadda ake soka wa a bango a soka na'ura a jikinta, ta faɗi wat nawa na'urar ke ja. Ta ce a yi gwaji na kwana bakwai. A sa ɗan akwatin a gayyar, a ƙarƙashin sunan Baffa, a ga kunyoyi nawa zai gama, a ga nawa taran za su gama, a auna abin da kowa ya sha. In taran suka fi shi, ita za ta nemo wa babanta wasu farantan, kada a sake tayar da maganar. In shi ya fi su, farantai bakwai su tafi fadama, ta bar wa Baffa ɗaya da akwatin.

Malam Badamasi ya ɗauki akwatin a tafin hannunsa. Ba shi da nauyin kwanon tuwo. Ya kai shi kunne bayan an kunna, bai ji komai ba. Ya taɓa shi, ɗumin bai fi na goshin mai lafiya ba. Tausayin yarinyar ya kama shi.

“Tara da ɗaya fa, Lubabatu.”

“Na ƙirga, Baffa.”

“Na yarda. Yaya, ka shaida.”

Ubale ya ce ya shaida, ya ƙara da cewa tumatir ba zai jira kwana bakwai ba, amma zai sa a ɗebi ruwa da garwa kafin nan, tunda gidan ilimi ne.

Malam Badamasi ya rubuta makon a littafi, da jan layi da rula, kamar rajistar aji. Bai sa ɗan akwatin a kan benci ba, ya ajiye shi a ƙasa kusa da ƙofa, wurin baƙo. Ya yi masa adalci daidai gwargwado: yana kunna shi a ƙarshe, yana kashe shi a farko, kamar kowane ƙarami. Lubabatu ta lura da haka a rana ta biyu, ta buɗe baki, ta fasa.

Mitar ce ta fara ɓata masa rai. Aka soka ta a jikin Dattijo ta nuna wat ɗari da talatin. Ya ji daɗi, ya ce ga shi nan, mai aiki shi ke ci. Magidanta kowanne ɗari da 'yan kai, samari tamanin-tamanin. Aka haɗa duka ya haura ɗari tara. Aka soka ta a jikin baƙon ta nuna talatin da biyar. Ya ce mitar ta lalace. Aka soka ta a jikin dutsen guga, aka soka ta a jikin ƙwan fitila, ta faɗi gaskiya a kan kowanne. Ya ce to ba a gayyar ci aka zo ba, a jira kunyoyi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci suka taru a ɗakin, shi da Ubale da Lubabatu. Tasalla tana bakin ƙofa tana tsince shinkafa. Lubabatu ta buɗe shafin da ke nuna aikin kowace na'ura daban. Malam Badamasi bai san akwai wannan shafin ba. Shekara tara jimilla kawai yake dubawa, da sunansa a saman Doguwa.

“Ka karanta da kanka, Baffa.”

Ya gyara tabarau. Samari uku sun gama kunyoyi talatin da shida. Magidanta biyar, ashirin da biyar. Dattijo, biyu. Ya haɗa a ka, sittin da uku. Ya sauko kan layin baƙon. Saba'in da ɗaya.

Ya sake haɗawa a takarda, ya nuna hanya. Sittin da uku.

“Kun ga ai ba nisa,” in ji shi. “Takwas ne tsakani.”

“Takwas ne,” in ji Lubabatu. “Da wutar da ba ta kai rabin ta saurayi ɗaya ba. Kuma kai kake kashe shi tun la'asar.”

Ubale yana kallon rufi, inda farantan suke ta sama.

Da a nan aka tsaya, da Malam Badamasi ya samu abin riƙewa, domin wanda aka kayar da takwas ya yi kokawa. Amma idonsa na malami ya ga wani abu a gefen layin Dattijo, wasu kalmomi da jan rubutu a gaban kunyoyin nan biyu. Ya tambaya. Lubabatu ta ce ba komai. Ya ce ta fassara masa. Ta dubi babanta, ta dubi ƙasa.

Kowace kunya da ake aikowa, in ji ta, tana da wa'adi. In kwana uku suka wuce ba a mayar ba, sai su ɗauka mai ita ya gudu, su ba wani. In taka ta zo daga baya, sai a karɓa a ajiye gefe, domin an riga an nome wurin. Dattijo yana ɗaukar kwana uku da rabi a kan kowace.

“Wannan makon ne kawai?”

Ta ja shafin ƙasa. Jan rubutun ya yi ta tafiya. Ta ci gaba da ja, yana ci gaba da tafiya. Shekara shida da suka wuce jami'ar ta ƙara wa kunyoyin tsawo, don na'urorin duniya sun ƙara sauri. Tun daga wannan watan babu kunya ɗaya ta Dattijo da ta isa a kan lokaci.

Malam Badamasi ya tsaya yana kallon kusurwar gabas. Dattijo yana ta ƙugi, fankarsa tana kaɗa gefen kwalin 'yan tsaki. Ya tuna duk yammacin da ya kashe samari da hannunsa, su da ke gama goma sha biyu-biyu a mako, don a bar wa wannan wuta. Ya fara lissafin kunyoyin da aka rasa ta haka a shekara shida, domin kansa ba ya iya barin lissafi a buɗe, sai ya ga amsar za ta fito, ya daina.

“Ba wanda ya gaya masa,” in ji shi.

“Wa, Baffa?”

Ya cire tabarau ya sa a aljihu, ya ce wa Ubale ya turo masu kwancewa gobe da sassafe, kafin rana ta yi zafi a kan kwano.

Aka kwance farantai bakwai ranar Asabar, aka ɗora a amalanke. Lubabatu ta sa aka aiko mata da famfon sola daga shagonta, ta haɗa shi da kanta, kafin azahar ruwa yana gudu a fadama. Tumatirin da ya rage ya tashi. Ta koma Kano ranar Lahadi, bayan ta nuna wa baffanta maɓalli ɗaya da zai danna, ta kuma gaya masa ba lallai ne ma ya danna ba, akwatin yana tashi da kansa in wuta ta zo. Ta faɗi haka ne don ta sauƙaƙa masa.

'Yan gwangwan sun ji labari, sun zo sau biyu. Ya ce ba na sayarwa ba ne. Taran suna nan a kan benci bisa tsarin shekarunsu, an lulluɓe su da tsohon zanen gado. Baƙon yana kan taga kusa da waya. Ba ya son tsumma, ba ya son bututun biro, ba ya ƙugi. Malam Badamasi yakan shiga da safe, ya tsaya, ya ga ɗan koren haske yana nan, ya fito. Aikin yini ke nan. Sunansa yana hawa a jerin Najeriya da saurin da bai taɓa yi ba, kuma ya daina dubawa. A masallaci an lura ya rage magana. Ubale ya aiko masa da kwandon tumatir na farko, Malam Badamasi ya ce a kai cikin gida.

Amma tun kwana biyar da kashe kwamfutocin, da safe, ya tarar da Tasalla a ɗakin, a tsugune a kusurwar gabas, ta ɗaga gefen zanen, tana share ido da bakin mayafi. Abin ya taɓa shi fiye da yadda ya zata. Ya tsaya a bayanta, ya ce ta yi haƙuri, shi ma yana jin abin da take ji, shekara tara ba kwana tara ba ce, kuma ko ba komai ita kaɗai ce a garin nan ta san darajar abin da ake yi a ɗakin nan.

Tasalla ta juyo da kwalin a hannunta.

“Malam, wannan ƙaramin naka ba ya ɗumi ko kaɗan. Ba za a iya kunna mini babban ba, ko na awa biyu?”

Ya ce faranti ɗaya ba zai ɗauke shi ba.

Ta miƙe ta fita da kwalin. 'Yan tsaki goma sha huɗu ne a ciki, goma sha ɗaya sun mutu da sanyi.